Ɗalibin Asambuli, ka daina kwafa, ka zauna ka kalli rijista

Assalamu alaikum ƙannena masu karatun kwamfuta.

Akwai abin da ke damuna game da yadda da yawanku ke yi wa darasin Asambuli, wato yaren da ake rubuta wa furosesa umarni ɗaya bayan ɗaya. A ba da aiki, a shiga intanet a kwafo, a miƙa, a karɓi maki, shi ke nan. Alhali a duk karatunka babu yaren da zai nuna maka aikin furosesa ƙiri-ƙiri kamar wannan, kai kuma ka runtse ido ka wuce.

Fara da sanin injin da ke gabanka. Galibin kwamfutocinmu jikokin 8086 ne, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1978. Rijista ɗan ma'aji ne a cikin furosesa; rijistar AX ta lokacin bit 16 ce. Da 80386 ya zo a 1985 aka faɗaɗa ta zuwa bit 32, ta koma EAX, a 2003 kuma kamfanin AMD ya kai ta bit 64, ta zama RAX. Har gobe AX tana nan cikin RAX, kamar tsohon ɗakin kaka da aka gina gida kewaye da shi. Rashin sanin wannan ne ke kayar da sabon shiga. Darasin da ka ga yana kiran int 21h na zamanin tsohuwar babbar manhajar DOS ne, ba zai tashi a Windows mai bit 64 ba sai ka bi ta DOSBox ko emu8086, manhajojin da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta. Linux mai bit 64 kuwa syscall ake kira masa: ka sa 1 a RAX in rubutu kake so, 60 in fita za ka yi. Na ga ɗalibin da ya cakuɗa biyun, ya kwana uku yana fama, har ya ce shi kansa ba ya ja. Kansa lafiya lau, babu dai wanda ya gaya masa.

Salon rubutun ma biyu ne. A NASM, manhajar da ke mayar da Asambuli yaren inji, mov eax, ebx yana kwafe abin da ke EBX ya zuba a EAX; a salon AT&T kuwa jerin a juye yake. Ɗauki ɗaya ka riƙe. Ni NASM nake ba mafari shawara. Ka kuma lazimci lissafin heksa, wato ƙirga mai tushe 16, har ka ga FF ka san 255 ne ba tare da dogon tunani ba.

Yanzu ga inda nake roƙonka ka ba ni hankalinka. Rubuta layi goma kacal, ka tara lamba biyu. Buɗe shi a GDB, manhajar bin diddigin shiri mataki-mataki. Kafin ka buga stepi, mai gudanar da umarni ɗaya tak, ɗauki biro ka rubuta a takarda abin da kake zaton RAX zai riƙe, sannan ka buga info registers ka gwada da naka. In kun saɓa, kada ka matsa sai ka gano dalili. Yi push, ka ga RSP, rijistar da ke nuna saman stack, ta ragu da 8. Yi cmp, umarnin kwatantawa, a kan lambobi biyu masu daidai, ka ga tutar ZF ta tashi, sannan ka fahimci me ya sa je ya yi tsalle. Gani ya kori ji, kuma wanda ya kwafo bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ba zan ruɗe ka ba, da wuya a ɗauke ka aiki don ka riƙa rubuta Asambuli zalla. Amma ranar da manhajarka ta C ta faɗi ba gaira ba dalili, ko ka shiga harkar tsaron kwamfuta aka aje maka muguwar manhaja aka ce ka tona cikinta, wannan zaman da ka yi da takarda da biro shi zai fisshe ka.

In ka saba da layi goman nan, rubuta ɗan madauki a C, ka ba GCC, mai fassara C, tare da -S don ya fitar maka da Asambuli, ka karanta abin da ya fitar layi-layi. Yi haka yau da daddare, ko da rabin awa ce kafin caji ya ƙare.