Ku bar daraktocin wasannin bidiyo su numfasa mana!

Wai don Allah yaushe manyan kamfanonin wasannin bidiyo za su bar darakta ya yi abin da ke ransa? Mutum ya zo da sabon tunani, tambayar farko ita ce kashi nawa zai haifa, na biyu, na uku, har tattaɓa-kunne! Wasan Call of Duty tun 2005 babu shekarar da bai fito ba, har ma'aikatan kamfanin Toys for Bob, masu wasan Crash Bandicoot 4, aka kwasa a 2021 aka ce su je su taya aikin Call of Duty: Warzone. Hideo Kojima fa, daraktan da ya ƙirƙiro Metal Gear? Konami, inda yake aiki a lokacin, ta soke wasansa na Silent Hills a 2015, ta cire P.T., ɗanɗanon wasan, daga kantin PlayStation, ya bar kamfanin, sannan a 2018 ta fitar da Metal Gear Survive babu shi. Suna dai na nan, rai ya tafi. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na kamfanin Tango Gameworks: sun yi Hi-Fi Rush, sabo fil, kowa na yabo, har lambar yabo ta BAFTA ya ci, amma Microsoft, wadda ta mallake su, ta rufe su a 2024! Da wani kamfanin, Krafton, bai ɗauke su ba, da shi ke nan. To me ake so su yi? Ka ƙirƙiro sabo a rufe ka, ka maimaita tsoho a ce ƙaro! Saniya ɗaya ake ta tatsa har jini ya fara fita, sannan a miƙo mana ƙwaryar a ce dala 70!