Likita ba ya ciro ido ya mayar

Maganar nan tana damuna. A Garwa sau da yawa nakan ji ana cewa likitan tiyata yakan ciro ƙwayar ido, ya wanke, ya mayar. Ban ga laifin masu faɗa ba, domin duk wanda aka ce za a gyara masa can bayan ido, haka zai zata.

Amma jijiya ce ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa, in ta yanke gani ya tafi ke nan. Likitan retina, wato shimfiɗar da ke karɓar haske a cikin ido, ƙananan kafofi uku yakan huda a farin ido, ya yi aikinsa ido na mazauninsa.

Wani maƙwabcinmu mai ciwon sukari, wannan tsoron ya hana shi zuwa asibiti wata uku, jini kuwa yana ta taruwa cikin idonsa.