Kafin a haɗe ƙananan hukumomin karkara, a fara duba ƙasar

Da zarar an tashi maganar rage kashe kuɗin gwamnati, ƙananan hukumomin karkara ake fara nuna wa yatsa. Wai mutum ɗari biyu me za su yi da magajin gari da kansiloli, a haɗe su da maƙwabta a huta. Ni dai wannan lissafi bai kwanta mini ba, don a kan taswira ake yin sa, ita kuwa taswira ba ruwanta da wahalar hanya.

Sai ka ga ƙauyuka biyu dab da juna a takarda, alhali tsauni ne a tsakaninsu, kafin ka zagayo rana ta yi nisa. Na cikin kwari ambaliya ke hana su barci, na kan tudu kuwa rijiya ce ke ƙafe musu. Daga nan halin kowane gari ke fitowa: abin da suke tsoro, da abin da ke tara su, da wanda suke jin maganarsa. Ranar da aka haɗe su, ofis ya koma babban garin, kwalbatin da ya rufta can saman dutse kuma sai ya jira har a gaji.

Faransa na da irin waɗannan hukumomi kusan 35,000, tsarin da ya samo asali tun 1789, kuma wajen rabinsu ba su kai mutum 500 ba. A 1971 gwamnati ta yi dokar haɗe su, abin ya ci tura. Kai, ƙauyen Fleury-devant-Douaumont ma, da yaƙin Verdun ya shafe a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba mai kwana a cikinsa, amma har yau ana naɗa masa magajin gari. Wannan kam na yarda karramawa ce kawai.

Masu son haɗewa kan kafa hujja da Denmark, wadda a 2007 ta mayar da hukumomi 271 zuwa 98. Gaskiya ne. Sai dai ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, tudunta mafi tsayi bai kai mita 200 ba, mota na kai ka kusan ko'ina ba gargada. Kuma ko a can ɗin, da aka zo kan tsibirin Laeso, mai mutane ƙasa da 2,000, haka aka bar shi da hukumarsa, don galibi sai an hau jirgin ruwa ake isa.