Dala ɗaya ake nema, ni talatin na rasa

Babban ɗana ne ya shigo mana da fitinar. Wai wani ɗan ajinsu ya ɗaure su da kacici-kacici, an tashi ba wanda ya kwance. Ya tsaya tsakiyar falo ya zayyano:

"Mutum uku suka sauka a otal, aka ce ɗaki dala 30, kowa ya ba da 10. Bayan sun shige, mai otal ya tuna ashe ɗakin 25 ne, sai ya ba yaron aike dala 5 ya mayar musu. Yaro ya ga biyar ba ta rabuwa uku, ya miƙa wa kowa ɗaya, ya soke biyu a aljihu. Kowa ya biya 9 ke nan, 9 sau 3 kuwa 27. A haɗa da 2 ɗin yaro, 29. Abba, ina ɗayar ta shiga?"

Na yi murmushin manya. Wannan ai tsohon tarko ne, tun shekarun 1930 irinsa ke yawo a littattafan wasa ƙwaƙwalwa. Na gyara zama na ce babu abin da ya ɓata, mai tambayar ne ya yi muku sata a cikin magana. Dala 27 ɗin da baƙi suka biya, 25 tana wurin mai otal, 2 tana aljihun yaro. Biyun nan tana cikin 27 ɗin tun farko, ƙara ta a kai ƙirga ta ne sau biyu. In talatin kuke nema, ku ƙara ukun da aka mayar musu.

Shiru. Sai 'yata ta tsakiya ta ce, "Abba, kai ma dai juya maganar ka yi. Har yanzu 29 nake gani."

Uwargida kuwa, da ke ninke kaya a gefe, ba lissafin ne ya dame ta ba. "Ni wannan yaron aiken nake tunani. Wato ba wanda ya kama shi?"

Na canza dabara. Na ce a ɗauka ɗakin dala 10 ne kacal, aka ba yaro 20 ya mayar, ya ba kowa 6, ya riƙe 2. Kowa ya biya 4, jimla 12, a ƙara 2 ta zama 14. Yanzu 16 ce ta ɓata ke nan? Kun ga dai lissafin banza ne, ɗazu sa'a kawai ya ci da ya faɗo kusa da 30, shi ya sa kai ke yarda da shi. Wallahi wannan bayani ya burge ni ni kaina. Su kuwa ƙara ruɗewa suka yi. Auta ma har ya fara tambaya ko yaron ne ya kwashe sha shidan.

Nan na yanke shawarar a gani a ƙasa. Na shiga ɗaki na kwaso ƙananan canjin da nake tarawa, na ƙirga takarda 30 cif a kan tebur, na ce kowace ɗaya dala ɗaya ce. Babba da ta tsakiya da ɗan ƙanwata da ke hutu wurinmu su ne baƙi, kowa na damƙa masa goma. Auta ya ce shi ne yaron aike, tun kafin a tambaye shi. Uwargida ta ajiye ninkin kaya, ta ce ita ce mai otal. Saurin da ta karɓi aikin nan ya isa ya sa mutum tunani, amma ni lokacin malanta ta hau min ka.

Aka fara. Baƙi suka biya, mai otal ta lasa yatsa ta ƙirga talatin ɗai-ɗai, ta zare biyar ta miƙa wa Auta. Auta ya yi tafiyar ƙasaita daga wannan kujera zuwa waccan, ya ba kowa ɗaya, ya waiga hagu da dama, ya cusa biyu a aljihun wando. Ba wanda ya koya masa waigen nan.

Na ce to kowa ya ɗaga abin da ke hannunsa. Ashirin da biyar, biyu, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Ta tsakiya ta ƙirga da baki, ta tsaya, ta sake, sai ta buga tsalle: "Talatin! Abba, ashe biyun Auta daga cikin kuɗinmu ta fito!" Babba ya dafe kai yana dariya, yana cewa gobe sai ya rama a aji. Raina ya yi fari tas.

Na miƙa hannu na ce to a dawo da kayan aiki.

Uwargida ta ninke ashirin da biyar ɗin ta ɗaure a bakin zane. Ta ce, "Baban yara, a cikin labarin nan an taɓa cewa mai otal ya mayar da kuɗin ɗaki?" Baƙi suka ce tasu ɗai-ɗai haƙƙinsu ce, otal ne ya mayar musu. Na juya wurin Auta, wanda shi kam kowa ya shaida sata ya yi, sai na tarar ba ya falon. Mai otal ta ce ita ta yafe masa.

Na ce jama'a, talatin fa na fito da ita daga ɗakina. Babba ya kalle ni da natsuwa, ya kwaikwayi muryata: "Abba, 25 da 2 da 3. Babu abin da ya ɓata."