Ba Ma Ba Da Bashi, Ko Ɗan'uwa Ne

Mu uku ne a kamfaninmu na tallace-tallace: ni, da mai zane, da wata yarinya da ke riƙe mana shafukan kwastomomi a Facebook da Instagram. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon gyaran waya a Kano. Takardar rajistarmu ta CAC ce kadara mafi daraja a cikinsa, shi ya sa muka sa mata firam muka rataye ta inda mai shigowa zai fara cin karo da ita. Ayyukanmu a da duk na cin yau ne: katin ɗaurin aure, fostar saukar Alƙur'ani, sitikar biki. Alhaji mai shinkafa ne kwastoma na farko da ya yarda ya riƙa biyan mu duk wata. A watan ne kuma maiɗakina ta shiga watan haihuwarta, cikin fari.

Alhaji yana da injin casar shinkafa a wajen gari, ya gaji da dillalan kasuwa, yana so magidanta su riƙa saye a hannunsa kai tsaye. Muka shirya a kan abu uku: banna mai ƙafa 10 a ƙafa 4 don ƙofar sito, takardun rabawa 2,000 girman A5, da talla a Facebook. Kashi 70 na kuɗin aiki kafin a taɓa komai, ragowar ranar miƙa kaya.

Da muka nemi tambarin kamfaninsa, sai ga hoton buhu a jingine da bango, har da ƙafar lebura a gefe. Ta WhatsApp kuma ya turo shi a matsayin hoto, wanda manhajar ke matsewa don ya yi sauƙin tafiya. A fuskar waya yana kyau, amma da an buɗa shi zuwa girman banna sai ya farfashe. Takardar da za a riƙe a hannu tana son dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci na hoton. Banna da ake kallo daga tsallaken titi tana iya wucewa da 100 zuwa 150, amma hoton Alhaji ko kusa bai kai ba. Mai zane ya zauna ya sake zana tambarin daga tushe a manhajar zane ta CorelDRAW.

Sai rigimar kore. Alhaji ya ce yana son kore irin na ganyen shinkafa bayan ruwan Agusta, kuma ya gan shi a wayarsa, shi yake so. Koren waya haske ne, tsarin RGB. Koren firinta tawada ce, tsarin CMYK, kuma kore mai walƙiyar nan yana cikin launukan da tawada ba ta iya kamowa, dusashewa yake yi. Wannan bayani ba ya shiga kunnen kwastoma, don haka ba ma ɓata bakinmu. Muna buga ƙyalle ɗan ƙarami a kan ainihin ledar da za a yi bannar da ita, kore kala huɗu a jere, mu kai masa ya zaɓa a cikin rana, ya sa hannu a baya. Alhaji ya zaɓi na uku, ya ce ai shi ne na wayarsa. Ba shi ba ne, amma sa hannun ya shiga.

Sauran aikin bugu ba wuya in an kiyaye ƙa'ida. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe na takardar rabawa saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai kullum. Rubutu ya nisanci baki da kamar milimita 5. Kafin a tura fayil kuma, a zaɓi rubutun duka a CorelDRAW a danna Ctrl+Q, ya tashi daga rubutu ya koma zane. Ga mai aiki da Hausa wannan dole ne, domin in kwamfutar mai bugu ba ta da irin haruffan da ka yi amfani da su, ƙ da ɗ da ɓ ne ke fara komawa akwatuna.

Abin da ya rage shi ne lambar waya, kuma a nan Alhaji ya kafe.

Tallar da muka tsara ita ce mai kai mutum WhatsApp da zarar ya danna. Kafin ta yi aiki sai an haɗa lamba da shafin Facebook, kuma haɗin ba ya yiwuwa sai an shigar da wasu lambobin tabbatarwa da ake turowa wayar mai layin. Na kira shi na ce, "Alhaji, wasu lambobi za su shigo maka yanzu, ka karanto min."

Ya ce, "Malam, banki sun ce ko su suka kira kada in bayar. Kai ka fi banki ne?"

Gaskiyarsa ce, haka ake yashe mutane. Na ce to in zo in shigar a gabansa. Ya ce yana hanyar Dawanau. Washegari yana wajen ta'aziyya. Daga baya ya fito fili: shi ba ya son waya ta dame shi, kuma yaran sito ba abin ba wa amanar ciniki ba ne. "Ka sa taka mana, ai kai ne mai tallar. In mun zauna sai a canza."

Mai bugu yana jira, don haka lambata ta hau shafi, ta hau banna, ta hau takardu 2,000.

Muka tsara tallar: hoto murabba'i, Kano da kewayenta zuwa kilomita 25, 'yan shekara 25 zuwa sama, naira 5,000 a rana, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai, wanda sai da na rantse wa Alhaji ba aljihuna yake shiga ba. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, kan duba talla kafin ta sake ta, galibi cikin awa 24, don haka muka shigar da wuri muka sa mata ranar tashi. Alhaji ya zaɓi safiyar wata Juma'a, saboda albarkar ranar. Na kuma gargaɗe shi cewa in ta tashi ba a taɓa ta. Na'urar tallar Facebook tana ɗaukar makon farko tana koyon irin mutanen da ke amsawa, tana neman sakamako kamar 50 kafin ta daidaita, kuma canza hoto ko rubutu ko waɗanda ake nuna wa yana mayar da ita farko.

Allah da ikonsa, ana saura mako ɗaya cif a kai waccan Juma'ar maiɗakina ta sauka lafiya. Suna ya faɗo daidai ranar tashin talla.

Daren Alhamis, yarinyar ofis ta kunna saƙon tarba a WhatsApp Business ɗina, wato amsar da ke tafiya da kanta. Alhaji ne ya yi shiftarsa da bakinsa, ya hana a rage ko wasali:

"Barka da zuwa. Akwai buhu mai kilo 50, da 25, da 10. Sai an ga alat ake ɗaukar kaya. Ba ma ba da bashi, ko ɗan'uwa ne."

Manhajar tana ba ka zaɓin waɗanda zai je wa: kowa, ko waɗanda ba sa cikin ajiyar lambobinka kaɗai, ko kowa ban da wasu, ko wasu zaɓaɓɓu. Na biyun shi ne na hankali. Amma tsofaffin kwastomomin Alhaji duk mun riga mun adana su a wayata, don haka da an zaɓi na biyu su ba za su samu ba. Aka bar shi a kan kowa.

Ga inda abin yake da mugunta. Saƙon tarba ba ya zuwa wa wanda kuke hira kullum. Yana zuwa ne ga wanda ya rubuto maka karon farko, ko wanda ya yi kwana 14 babu saƙo tsakaninku. Abokaina da suka yi ta turo barka tun ranar haihuwa duk sun tsira. Waɗanda ya tsinto su ne dattawa, da surukai, da gwaggonnin da sai sha'ani ke haɗa ku. Wato ya bi dangi ya tace ainihin mutanen da nake jin kunya.

Bayan asuba muna kan tabarma, ana raba goro da dabino, waya ta fara motsi a aljihuna. Na share, don uban ɗan fari ba a son a ga rawar kansa. Liman ya raɗa suna, aka shafa, aka kayar da rago. Sai kawun maiɗakina, wanda shi ne waliyyinta, ya matso kusa da ni. Dillalin dabbobi ne, kuma ragon da ake feɗewa a gabanmu daga hannunsa na karɓa, rabin kuɗi na biya. Ashe da sassafe ya rubuto yana tambayar ko a taho da mahauci.

Ya ce a hankali, "Malam, na ga saƙonka. Tsari ne mai kyau. Mu ma daga yau shi za mu bi."

Na ce, "Kawu, na'ura ce."

Ya ce, "To, ta iya magana."

Kafin hantsi wata gwaggo ta tura saƙon cikin zauren dangi, da tambaya a ƙasa: shinkafar sunan ma sai an ga alat? Wata kuma ta aiko yaro daga cikin gida ya tambaye ni ko mai kilo 10 ɗin ta kai ta tuwo.

Na zagaya bayan gida na kashe saƙon, na kira Alhaji na roƙe shi a dakatar da tallar zuwa gobe. Ya ce, "Kai da bakinka ka ce ba a taɓa ta." Ba ni da ta cewa. Masu tambayar farashi kuma suna ta shigowa, kuma mai saye da ya ji shiru na awa ɗaya ya tafi wani wajen. Dabarar da ta cece ni ita ce haɗa na'ura: lamba ɗaya tana iya aiki a kan wasu na'urori har huɗu. Yarinyar ofis, da ta zo suna da ankonta, ta buɗe kwamfuta a ɗakin baƙi, na haska lambar QR, ta ci gaba da amsawa. Saƙon da ya biyo ta talla yana zuwa da hoton tallar a samansa, don haka tantancewa ba wuya: mai hoto a ba shi farashi, marar hoto a ce masa amin, mun gode. Mutum ɗaya ne ya rikita ta, wani abokin babana da ya danna tallar don ya ga lambata, ya rubuto Allah ya raya. Ta ba shi duka biyun.

Da la'asar sai ga Alhaji da kansa, da buhu mai kilo 25 na barka. Ya karɓi wayata ya ga jerin saƙonni ba iyaka, fuskarsa ta washe. Na yi masa lissafin gaskiya, cewa kuɗin da aka kashe ake rabawa da yawan waɗanda suka shigo ta talla, in naira 5,000 ta kawo mutum 40 kowane ya tashi a 125, kuma fiye da rabin abin da yake gani 'yan barka ne. Ya ce 'yan barka ma ai suna cin shinkafa.

Da aka kwana biyu na je masa da sabon layi da ƙaramar waya, irin wanda yanzu muke sa wa a cikin lissafin kowane kwastoma tun ranar farko, a yi rajistarsa da NIN ɗin mai kaya. Na ce a mayar da tallar can. Ya ce sam, lambar nan ta karɓe shi, kuma ai tana jikin banna da takardu 2,000, wa zai biya sabon bugu? Layin kuwa da NIN ɗina yake, alat ɗin bankina ta nan yake shigowa, ba abin da zan miƙa wa yaran sito ba ne. Aka tashi a kan ni zan riƙe sabon layin don harkar gida, tsohon ya zama na shinkafa, Alhaji ya ƙara wani abu a kuɗin wata saboda amsa saƙonni.

Na bi dangi ɗaya bayan ɗaya da sabuwar lamba. Kawu ya ce ba sai ya adana ba, tsohuwar ta fi saurin amsawa. Na cika masa kuɗin rago a makon. Ya kirga, ya sa a aljihu, sannan ya ce a aika masa mai kilo 50, zai biya bayan kasuwar Wudil.