Kun tsallake 1973

Na ji daɗin labarinku kan tsimin makamashi a Amurka, sai dai kun faro shi daga tambarin Energy Star na 1992, wanda ake manna wa kayan lantarki masu tsimin wuta, alhali tushen ya girme shi. A 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, motoci suka yi dogon layi, har a farkon 1974 aka ƙayyade gudu kada ya wuce mil 55 a awa. Bayan wannan wahalar ne sanatoci biyu, Charles Percy da Hubert Humphrey, jam'iyyarsu ma ba ɗaya ba, suka kafa Alliance to Save Energy a 1977, ƙungiyar da ba ta neman riba. Ita ta yi ta wayar da kan jama'a, tana matsa wa majalisa lamba. Don Allah ku ƙara wannan.