Zuwa ga mai gyara wa Ikilisiya zance kan sadaka

Akwai wani bawan Allah a cikinmu da ya tashi haiƙan kwanakin nan yana gyara wa Ikilisiyar Katolika zance kan sadaka. Wai Ikilisiya ta wuce gona da iri. Wai guminsa ne ya tara masa abin da ya tara, don haka babu fada ko bishop da zai nuna masa inda zai kai shi. Wai kuma ba wa mabaraci kuɗi lalata shi ne. Ba zan kama suna ba. Ya san kansa, masu tafa masa ma sun san shi.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maganar Fafaroma Francis ta 2017, lokacin da wata mujallar marasa matsuguni ta birnin Milan ta tambaye shi kan masu ƙin ba mabaraci don kada ya je ya sha giya. Fafaroma ya ce taimako daidai ne a koyaushe, kuma mai bayarwa ya dubi idon wanda yake ba, ya taɓa hannunsa, kada ya jefa masa kuɗi ya wuce. Mutumin namu ya ce wannan rashin lissafi ne.

Da a nan ya tsaya, da na ce gardama ce ta masu hankali. Akwai Katolika na kirki da suke ganin gara su miƙa ta hannun Caritas, ƙungiyar agaji ta Ikilisiya, ko ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, wadda tun 1833 take bin mabukata har gida, kuma babu wanda ya hana su. A dokarta ta yanzu, Ikilisiya ba ta ma yanka wa kowa kashi goma cikin ɗari ba. Dokarta, a sashe na 222, cewa ta yi kowa ya tallafi talaka daga abin hannunsa. To, wanda ya ce hanyar ce ba ta yi masa ba, ai sai a gan shi a kan wata hanyar. Shi kuwa ba a gan shi a wannan ba, ba a gan shi a waccan ba, sai ranar da mai ɗaukar hoto ya zo.

Ni na san inda koyarwar ta soke shi. Katakizim ɗin 1992, wato littafin koyarwar Ikilisiya, a lamba ta 2446, ya kawo maganar Waliyyi Yohanna Kirisostom cewa hana talaka rabo cikin dukiyarmu sata ce, sannan ya kawo ta Girigori Mai Girma cewa idan mun biya wa mabukaci bukata, nasa muka mayar masa. Wanda ya mayar wa mutum haƙƙinsa ba ya tsayawa jiran godiya, kuma ba shi da bakin gori. Wannan ne mutumin namu ya kasa haɗiyewa, domin shi abin da yake so a sadaka shi ne a durƙusa masa, a kira sunansa a gaban jama'a, gobe in an yi saɓani ya lissafo duk abin da ya taɓa bayarwa.

Yana yawan fakewa da Fafaroma Leo na 13, wai ai shi ya kare haƙƙin mallaka a wasiƙarsa ta 1891. Gaskiya ne ya kare. Amma a wasiƙar nan dai ya ce bayan mutum ya biya bukatar kansa da ta iyalinsa daidai da matsayinsa, wajibi ne ya ba mabukata daga abin da ya rage. Rabin da ya yi masa daɗi ya ɗauka, ya bar rabin da ke neman ya buɗe hannu.

Fafaroma Benedict na 16 ma ya rubuta a 2005 cewa kada a mai da aikin jinƙai ya zama hanyar farautar mabiya. Ikilisiya ta hana kanta sayen mabiya da sadaka, kai kuma kana so ka sayi suna da ita? Matiyu sura ta 6 ta ce kada hagu ya san abin da dama take yi. Gwauruwar nan ta Markus sura ta 12, anini biyu ta jefa, Yesu ya ce ta fi masu arziki duka, kuma har yau ba mu san sunanta ba.

In rowarsa ce kawai, tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya dame ni matasan da ke sauraronsa ne. Waɗanda a da suke bayarwa da zuciya ɗaya yanzu sun fara jin kunyar miƙa hannu, don an gaya musu wauta ce. Kuɗin da suka daina fitarwa bai tafi wata ƙungiya mai tsari ba, a aljihu ya tsaya, mabukacin kuma yana nan inda yake. Idan yana da ja da koyarwar, ya kawo sashen da ya ƙi, da lambarsa, a zauna a karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Kafin nan ya ƙyale masu bayarwa su bayar.